Bayani A Kan Masu Zuwa Laccar Abokan Hamayya Don Neman Abin Dariya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ba ɗan Adam ji da gani da zuciya, ya kuma yi alkawarin tambayarsa a kan kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka.

A sani cewa kowane fagen lacca yana da gaba, yana da baya. Wanda ya taɓa halartar taron siyasa a Kano ko Zariya ko Katsina, tun zamanin NEPU da NPC har ya zuwa yau, ya ga wannan da idonsa. A gaba 'yan jam'iyya ke zaune, mai lacca yana faɗi suna amsawa. A baya kuwa, can gindin katanga ko ƙarƙashin bishiya, akwai waɗansu mutane tsaye, wani ya jingina da kekensa, wani ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ba su amsa kirari, ba su yin tafi. In mai lacca ya yi tuntuɓen harshe sai su dubi juna, su ƙifta ido. Waɗannan 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Sau da yawa sukan riga masu taron isa fage, ba su kuwa tashi sai an watse. Kashegari da hantsi, in an buɗe rumfuna a Kasuwar Kurmi, ko da dare bayan sallar lisha a ƙofar zaure, nan ne za su kwance kayan da suka ɗauko. Wani ya miƙe ya kwaikwayi muryar mai lacca, wani ya kwaikwayi tafiyarsa, a yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye.

To, me ke sa mutum mai hankali, mai iyali, ya rufe rumfarsa da sauran rana, ya bar ciniki, ya taka sayyada zuwa wata unguwa, don ya saurari mutumin da ya riga ya rantse ba zai gaskata shi ba ko da ya dafa Alƙur'ani?

In aka tambaye shi, amsarsa a shirye take. Ya ce ya je ne ya ji makircin da abokan gaba ke ƙullawa, don kada a mamaye nasa. Wannan uzuri ne mai kyawun fuska, kuma da gaskiya ne da babu abin zargi, zama lacca a fili ake yinta, sauraronta ba ya cikin leƙen asirin da Shari'a ta hana. Amma 'yan kasuwa sun san yadda ake gane wanda ya je ganin kasuwa da wanda ya je yawo. In maigida ya aiki yaronsa Dawanau ya dubo masa farashin gero, ya komo ya ce, "Alhaji, yau na ga wani dillali ya zame ya faɗi a cikin taɓo, hularsa ta yi gabas shi ya yi yamma," sai Alhaji ya ce, "Na ji, nawa buhu?" In ya yi shiru, an san bai je aiken ba. Haka mai zuwa laccar hamayya. A tambaye shi abin da mai lacca ya faɗa a kan haraji, ko kuɗin taki, ko asibiti, ko sha'anin kotu, sai ya yi ta kame-kame. A tambaye shi inda ya karya i'irabin aya, ko inda ya kira sunan wani gari ba daidai ba, sai ya kawo shi tsaf, harafi bi harafi. Kayan da mutum ya komo da su su ne shaidar abin da ya fita nema.

Abin da ya fita nema kuwa natsuwa ce. Duk wanda ya kama jam'iyya ya riƙe, har ya ɓata da surukinsa a kanta, ya daina sayen nama wurin mahaucin da ya saba, lalle akwai wani dare da zai kwanta zuciyarsa ta raɗa masa: "In kuwa su ke da gaskiya fa?" Wannan raɗa tana da ciwo. Maganinta na ƙwarai shi ne bincike, amma bincike yana da tsada, yana iya kai mutum inda ba ya son zuwa. Dariya kuwa araha gare ta. Da zarar ya ga ɗaya daga cikin waɗancan ya yi wauta a bainar jama'a, sai zuciyarsa ta kwanta, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe wawaye ne." Ya yi barci. Bayan kwana uku raɗar ta komo, sai ya sake ɗaukar keke. Shi ya sa ba a taɓa ganin ya ƙoshi ba. Da yaƙini gare shi, da zuwa ɗaya ya ishe shi. Mutum ba ya komawa rijiya kullum don ya tabbatar ruwanta ba shi da daɗi, sai fa in ƙishirwa ke kai shi.

Sa'an nan akwai majalisa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ƙidaya afofin harshe ashirin a cikin Ihya'u, ya sanya izgili da ba'a ɗaya daga cikinsu, kusa da giba da annamimanci. Da ya zo bayanin abin da ke ingiza mutum ga cin naman ɗan'uwansa, ya ambaci huce haushi, da hassada, da son ɗaukaka kai ta hanyar ƙasƙantar da wani, ya kuma ambaci biye wa abokan zama. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da mutumin da ake magana a kansa. Majalisa tana da kuɗin shiga, ko da ba a faɗa. Wani da goro yake shiga, wani da labari. Wanda ba shi da dukiya, ba shi da ilmi, ba shi da sarauta, in ya iya kwaikwayon shugaban ɗaya jam'iyyar, ya sami mazauni kusa da mai zaure. Za a matsa masa a tabarma, a ce, "Kai, zo ka faɗa wa Malam abin da mutuminku ya ce jiya." Ranar da ya zo hannu rabbana, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Ranar da ya yi kuskure ya ce, "Wallahi jiya mutumin nan ya faɗi wata magana mai ma'ana," ranar za a fara kallonsa da gefen ido, a ce an saye shi. Shi ma ya san haka. Saboda haka tun a fagen lacca yake tankaɗe: abin da zai sayu a majalisa ya zuba a aljihu, sauran ya bar shi nan ƙasa.

Nan ne aibin yake, kuma malamai da 'yan kasuwa sun fi kowa cancantar gane shi, domin sunansa yana cikin surar da kowane almajiri ya rubuta a allo tun yana ƙarami, wato Surar Muɗaffifina. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina, mutanenta suna daga cikin mafi munin mutane wajen awo, sai farkon surar ya sauka, suka gyara. Siffar mai tauye mudu a can ita ce, in zai karɓa daga mutane ya cika ya tumbatsa, in zai auna musu ya rage. Mai zuwa lacca don dariya mudu biyu gare shi. Laifin abokin hamayya da babban mudu yake aunawa, ya danna, ya yi masa toliya. Gaskiyarsa kuwa da ɗan gwangwani, shi ma a share baki. In aka juyo ga nasa mutane sai ya musanya mudun. Abin mamaki, ƙarshen wannan sura ɗin ita ce ta siffanta masu dariya ga waɗansu, masu ƙifce in sun wuce su, masu komawa ga iyalansu suna nishaɗi da abin da suka yi. Waɗannan ayoyi a kan kafirai suka sauka, masu yi wa muminai izgili, ba a kuwa cewa ɗan wata jam'iyya kafiri ne, Allah ya tsare harshe daga wannan. Amma mai hankali ya dubi siffar aikin: dariya, ƙifce, komawa gida da labari. Musulmi bai kamata ya so a ga hotonsa a wannan wuri ba.

Wani nau'in tauyewar kuma shi ne zaɓen samfur. Kowace jam'iyya tana da masu hankali, tana da wawaye, kamar yadda kowane buhu ke da ƙwaya da tsakuwa. Mai ba'a ba ya zuwa wurin mai hankalinsu, don ba abin dariya a can. Wawansu yake nema, mai bakin da ba linzami, ya ɗauko maganarsa ya ce, "Ga abin da suke cewa." Dillalin da ya tsinto tsakuwa biyar daga buhun maƙwabcinsa ya nuna wa mai saye ya ce duk buhun haka yake, kowa a kasuwa ya san sunansa. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. To ina ga wanda ba ya ba da duka, sai mafi muni kaɗai?

Mai karatu zai ce wannan zunubi ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, me ya shafi sha'anin duniya? Ya shafe shi ƙwarai, tarihin Arewa kuwa ya isa shaida. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Manyan gari da ma'aikatan En'e da yawa suka ɗauke ta taron 'yan iska: teloli, da 'yan koli, da masu wankin hula, da yaran da ba su gaji komai ba. Suka aika a saurara musu, aka komo musu da abin dariya, suka yi dariya. Da aka zo zaɓen 1951 sai ga 'yan NEPU sun yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, abin da ya tsare su daga shiga majalisa shi ne tsarin zaɓen hawa-hawa na wannan zamani, inda En'e ke da ikon ƙara nata mutane. A cikin wannan shekara ce, ga watan Oktoba, aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa sosai. Da masu sauraron nan sun kawo labarin gaskiya, da sun ce talaka yana kuka da aikin tilas, da yadda ake karɓar haraji da jangali, da yadda shari'a ke tafiya a gaban waɗansu alƙalai. Ba su kawo ba, don ba a dariya da wannan. Maganar ba ta mutu ba, ta kwanta ne. A 1979 magajiyar NEPU, wato PRP, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A wannan shekara ce kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, abin da su Gambo Sawaba suka sha ɗauri da ba'a a kansa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi kan tsone maka ido.

Kada 'yan Sawaba su ji daɗi, zama su ma sun sha daga wannan ƙwarya. Sun je laccar NPC sun komo suna kwaikwayon naɗin rawani da faɗuwar fadawa, suna cewa jam'iyyar sarakuna ce da 'yan amshin shata, ba mai binta sai don tsoron dogari. Tsoron dogari akwai shi, ba mai musu, ɗaurin da aka yi wa 'yan NEPU a kan lacca ba izini sananne ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai manomi da malami da attajiri da suka bi Sardauna da zuciya ɗaya, don suna tsoron kada mulki ya fita hannun Turawa ya faɗa hannun waɗanda ba su san addininsu da al'adarsu ba, ga shi kuwa NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe. Wannan tsoro hujja ce da ke bukatar amsa, ba'a kuwa ba amsa ba ce. Ran 12 ga Disamba 1959 aka kaɗa ƙuri'a, NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8. A wannan zaɓe ne kuma Awolowo ya riƙa sauka garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu, jama'a suka yi ta tururuwa. Wanda ya ƙidaya kawunan nan ya ɗauka ƙuri'a ce ya yi kuskuren lissafi, da yawansu jirgi suka je gani. Ashe ɗan kallo yana ruɗin mutanensa, yana kuma ruɗin wanda ya je kallo.

Wannan hasarar kujera ce. Akwai wadda ta fi ta. Ran 31 ga Maris 1953, a Majalisar Wakilai ta Ikko, Anthony Enahoro na Action Group ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a cire shekara, a ce sa'ad da ya yiwu. Dalilin wakilan Arewa ba ɓoyayye ba ne: masu ilmin boko a Arewa 'yan kaɗan ne a lokacin, in Bature ya tashi a 1956 ba su da waɗanda za su hau kujerun da ya bari. Mutum yana iya yarda da wannan dalili, yana iya ƙi, amma dalili ne. Taron da ya jira su a ƙofar majalisa bai zo jin dalili ba. Aka yi musu ihu, aka jefe su da sunayen wulaƙanci, aka kira su barorin Turawa, haka kuma a tashoshin jirgin ƙasa a kan hanyarsu ta komowa. Masu ihun nan sun koma gida suna nishaɗi, suna ganin sun yi wa ƙasa aiki. Wakilan kuwa suka iso Arewa da miki a zuci, labarin ya bazu, kowane mai ba da shi yana ƙara masa gishiri, domin a wannan gefe ma akwai masu tankaɗe. Bayan mako shida Action Group ta shirya zuwan Akintola Kano don ya yi lacca a Sabon Gari. Ran Asabar 16 ga Mayu, a farkon watan Azumi na 1372, rikici ya tashi tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya yi kwana huɗu. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Ba a ce ba'a kaɗai ta jawo wannan ba, akwai tsohuwar ƙullalliya ta kasuwa da ta aikin gwamnati. Amma bunu yana nan tun da, ashanar ce ta zo daga Ikko. Waɗanda aka binne kuwa, ba su ne suka yi ihu a ƙofar majalisa ba, ba kuma su aka yi wa ba. Masu tireda ne da 'yan dako da leburori. A cikin waɗannan shekaru ne Kano ta ga ƙungiyar da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, masu zuwa taron 'yan Sawaba da gora. Tsayuwa a bayan fage da ƙifce aka fara, da sanda aka ƙare, domin wanda ka saba ganinsa abin dariya, dukansa ba ya yi maka nauyi.

Akwai mai musu, kuma musunsa yana da ƙarfi, ba a raina shi. Zai ce, "Allah gafarta Malam, Bahaushe da wasa aka san shi. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, tun kaka da kakanni suke tsokanar juna, ba a taɓa zare wuƙa ba. Kuma talakan da ba shi da dogari, ba shi da kurkuku, in an hana shi yi wa azzalumi dariya, me ya rage masa?" Amsar ta farko ita ce, taubashi a gaban idonka yake tsokanarka, kai ma ka rama, ku yi dariya tare, in watan cika-ciki ya kama a biya kuɗin shara, in ɗayanku ya rasu ɗayan yana cikin masu ɗaukar makara. Wasan yana da haƙƙi a bayansa. Mai zuwa lacca kuwa a bayan ido yake yi, cikin waɗanda suka riga suka ƙi mutumin, ba kuwa zai je jana'izarsa ba. Ta biyu kuwa, gaskiya ne wanda aka zalunta an yi masa rangwame ya bayyana abin da aka yi masa, Surar Nisa'i ta faɗi haka. Amma rangwamen a kan zaluncin ne. Hakimin da ya ƙwace gona, a faɗi ya ƙwace gona, da babbar murya, a gaban kowa. In aka bar gonar aka koma kan in'inarsa, ko tsawon hancinsa, ko asalin uwarsa, an fita daga rangwame an shiga abin da aya ta 11 ta Surar Hujurati ta hana: izgili, da aibatawa, da jifa da laƙabi. Gonar kuwa tana nan hannunsa. Azzalumi mai wayo ma ya fi son a yi masa dariya da a yi masa lissafi, don wanda ya yi dariya ya huce, ya koma gida yana jin kamar ya rama.

Laƙabi ma ba shi da amana. Da PRP ta rabu biyu a 1980, aka sami 'yan taɓo, masu tsayawa tare da Malam Aminu Kano, da 'yan santsi, masu bin gwamnoni. Sunayen nan biyu da ƙanshin gori suka fito, wancan ya maƙale, wannan ya zame. Ba a daɗe ba kowane ɓangare ya ɗauki nasa ya rataya a wuya yana taƙama da shi. Mai jifa ya yi hasarar dutsensa.

Yanzu kuwa ba sai an ɗauki keke ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita a Kano tun daga 2003, aka sami waɗanda ake kira sojojin baka, masu shiga fili da dare su yi wa ɗaya gefen wankin babban bargo. Wanda ya lura zai ga masu murɗa akwati su kama sojan bakin hamayya ba su gaza masu kama nasu yawa ba. Da Kwankwaso da Ganduje suka raba gari bayan zaɓen 2015, mai jar hula ya san abin da na Ganduje ya faɗa daren jiya fiye da yadda ya san karatun da ɗansa ya biya, haka shi ma wancan. Ga kuma wayar hannu: a yanko rabin minti daga jawabin sa'a guda, a bar abin da ya gabata da abin da ya biyo, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Mutumin da na dā, komai mugun nufinsa, dole ya tsaya ya ji laccar duka kafin ya tsinci abin da yake so, wataƙila wata kalma ta gaskiya ta faɗa masa kunne ba da sonsa ba. Na yau an tankaɗe masa tun kafin ta iso. Wani abu kuma, mai magana ya gane cewa abokan hamayya na saurare, ya gane kuma wautarsa ta fi hikimarsa tafiya nesa. Kasuwa kuwa abin da ake saye shi ake kawowa. Sai ya ƙara wauta, uban gidansa ya ƙara masa kuɗi don sunansa ya zaga gari. Masu yi masa dariya su ne suka yi masa talla, ba su karɓi la'ada ba.

Malamai kada su ɗauka maganar 'yan siyasa ce kaɗai. Tun zamanin gardamar ƙabalu da sadalu, har zuwa bayan kafa Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar kaset, an san almajirin da ake turawa, ko ya tura kansa, ya zauna bayan sahu a tafsirin wani malami, ba da littafi ba, da tarko. In ya komo, malaminsa bai tambaye shi hujjar da aka kawo ba, sai ya yi murmushi ya ce, "To, yau kuma me ya ɓaro?" Yaron da ya ga malaminsa ya yi wannan murmushi ya koyi darasin da ba ya cikin Ahalari, ba ya cikin Risala, kuma shi zai fi daɗewa a ƙirjinsa. Laifi tudu ne.

Ba a ce kada a saurari abokin hamayya ba. A saurare shi, wajibi ma ne ga wanda zai yi masa raddi. Sai dai sauraro yana da alama: mutum ya iya maimaita hujjar abokin hamayyarsa yadda in shi yana wurin zai ce, "Na'am, haka na ce, haka nake nufi." Surar Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙin waɗansu mutane ya kai ga barin adalci a kansu, ba ta kuwa keɓe adalcin labari ba. Dattijon da ke da rumfa ko zaure yana da ikon gwada wannan ba tare da faɗa ba. In mai kwaikwayo ya gama, aka gama dariya, ya dube shi ya ce, "Madalla, ɗana. To a cikin maganarsa duka, wacce ce ta fi wuyar amsawa?" Imamul Gazali kansa, kafin ya rubuta littafin rushe maganar masana falsafa, sai da ya rubuta wani littafi dabam ya shimfiɗa manufofinsu yadda suke, ba zagi.

Kusa da gida kuma akwai abin da ya fi wannan. Da jihadi ya kai ƙasar Borno, har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya rubuto wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu wasiƙu masu zafi. Ya tambaye su da wace hujja suke yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya ce abubuwan da ake tuhumar Barebari da su saɓo ne ba kafirci ba, kuma irinsu suna nan a Masar da Sham, ba wanda ya kafirta mutanen can. Wannan suka ce ga tushen jihadin kansa, a lokacin da takubba ba su koma kube ba. Muhammadu Bello yana da ikon ya ƙone takardun, ko ya tsinto jimla ɗaya mai rauni ya karanta wa jama'a a yi dariya, ba mai tuhumarsa. Sai ya kwafe su cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya bi su da amsarsa, amsa mai kaifi ita ma, bai sassauta ba. Mai karatu yana iya ganin Bello ya rinjaya, yana iya ganin tambayar Alkanemi ba ta gama amsuwa ba, malamai sun saɓa a kan wannan. Abin da ya sa suka iya saɓawa shi ne maganar mutumin Borno tana nan da ƙarfinta a cikin littafin mutumin Sakkwato, an yi ta kwafarta da tawada da alƙalami daga hannu zuwa hannu shekara ɗari biyu, ba wanda ya kankare ta.

Haza wassalam.